Me ya sa bishiyar hoshi ke mutuwa bayan an gama gini?

Tun da mutane suka fara komawa gidajensu a Madani da Sinja da Hartum a nan Sudan, duk unguwar da ka shiga sai ka tarar da tulin yashi a ƙofar wani gida, wannan na ɗaga katangar da ta zube, wancan na sake rufi, wani kuma ya ce tunda dai an taɓa aikin bari a ƙara ɗaki biyu gaba ɗaya a huta. Allah ya sa albarka. Amma akwai abu ɗaya da ban ga ana sa shi cikin lissafi ba, bishiyar da ke tsakar hoshi, wato filin tsakar gida. Yaƙin nan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci itatuwa ba kaɗan ba, gas ya yanke kowa ya koma gawayi da icen girki, to darbejiya ko mangwaron da Allah ya sa ya tsallake wannan sara, yanzu hannun magina ya faɗa, kuma su magina ba da gatari suke zuwa ba shi ya sa ba a tsoronsu.

Ga yadda abin ke faruwa. A gama gini, a yi fenti, a shiga gida, bishiya na nan kore shar kowa ya ce alhamdulillahi ba a taɓa ta ba. Shekara ta zagayo sai ka ga ganyen ya ƙanƙance, tofon bana bai kai na bara ba, can sama rassa sun fara bushewa daga baki. Wata takan kai shekara uku, wata biyar, tana jan jiki da abincin da ta tara a jikinta kafin ta miƙa wuya. Lokacin an manta da usta, wato shugaban magina, an manta da ramin da aka haƙa, sai a ce gara ce, ko a ce tsufa, wasu ma su ce baki ne. Garar kam za ka same ta a jiki, amma mushe ta tarar.

Matsalar daga yadda muke ɗaukan saiwa ne. Yawancinmu muna zaton saiwar bishiya ƙasa take nufa tsaye, yadda tsawonta yake a sama haka yake a ƙasa, saboda haka in ka bar mata taku biyu daga gindi ka yi mata adalci. Ba haka take ba. Ka kifa faifai a ƙasa ka kafa muciya a tsakiyarsa, to kusan siffar kenan, saiwa a shimfiɗe take tana tafiya gefe gefe, akasarinta cikin santimita 60 ɗin farko na ƙasa, kuma tana wuce iyakar inuwar rassan nesa ba kusa ba, takan kai ninki biyu har uku. Gaskiya ne itatuwanmu na sahel irin su gawo da aduwa suna da doguwar saiwa mai nutsawa neman ruwa, amma ko su ƙananan jijiyoyin nan masu kamar gashi da ke shan ruwan sama da taki suna kusa da sama ne, don a nan iska take. Saiwa na numfashi, wannan shi ne abin da mutane ba sa yarda da shi sai an yi ta bayani. Tana buƙatar iskar da ke cikin ƙananan kofofin ƙasa, in ka toshe kofofin ka shaƙe ta ko da ruwa na malala a kanta.

To nawa za a bar mata? A Ingila suna da ƙa'idar gini kusa da itatuwa, BS 5837, wadda aka sabunta a 2012, lissafinsu shi ne a auna faɗin kututture a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga gindi ta kowane gefe. Mutanen Amurka ma kusan lissafin ɗaya ne da nasu ma'aunin. Kai da ba ka da kayan awo ga hanya mai sauƙi, ɗauki igiya ka zagaye kututturen daidai ƙirjinka, tsawon igiyar nan sau huɗu shi ne nisan. Darbejiya mai faɗin santimita 50 tana neman mita 6 kenan ta kowane ɓangare, in ka lissafa filin ya haura murabba'in mita 110. Yanzu ka tuna filayenmu, 20 a 20 in mutum ya yi sa'a, da yawa ma 15 a 20 ne. Kaga bishiya ɗaya ta cinye sama da rubu'in fili. Shi ya sa ni ba na cikin masu cewa kowace bishiya dole a bar ta, wani lokacin ba zai yiwu ba, kuma gara ka san haka tun muhandis, wato injiniya, bai zana taswira ba. In bishiyar a gefen katanga take da sauƙi, rabin saiwarta na waje a titi ko gidan maƙwabci, kai rabi kawai za ka kare. In kuma a tsakiyar inda kake son salon, wato ɗakin baƙi, take, to ko dai taswira ta kauce mata ko ita ta tafi, ka zaɓi ɗaya tun da wuri. Abin da ya fi ciwo shi ne mutum ya ƙuntata ɗakinsa don ita, ya kashe kuɗi, sannan ta mutu bayan shekara uku ya dawo yana biyan masu sara su sauke ta reshe reshe daga kan sabon zinki.

Haƙa ita ce ɓarnar da ido ke gani, don haka ba sai na daɗe a kanta ba. Ramin harsashi, ramin fayif ɗin ruwa, ramin sayfon, wato tankin bayan gida, da rijiyarsa, duk wanda ya ratsa kusa da gindi ya datse duk saiwar da ke wannan gefen gaba ɗaya, rami mai zurfin rabin mita ma ya isa. Abin tsoro a nan ba bushewa kaɗai ba ne, manyan saiwoyin kusa da gindi su ke riƙe da ita a tsaye. In aka sare su a nisan da bai kai ninki uku na faɗin kututture ba, wato mita ɗaya da rabi ga waccan darbejiyar tamu, to ranar da habub, guguwar ƙurar nan, ya taso ko ƙasa ta jiƙe sharkaf da kharif, wato damina, tana iya kifewa da ganyenta kore, kuma ba ta tambayar wa ke kwance a angareb, gadon igiyar nan, ƙarƙashinta. Fayif dai ana iya karkatar da shi ya zagaya, ƙarin mita uku ko huɗu ne na roba, ko a haƙa da hannu a bi ta ƙarƙashin saiwar a zura shi. Katanga kuma maimakon dogon rami sai a kafa ginshiƙai a ɗora bim a kai ya tsallake saiwar, ramin ginshiƙin a haƙa da hannu, in an ci karo da babbar saiwa a matsar da ramin ba saiwar ba. Duk saiwar da ta fi babban yatsa kauri a yi shawara kafin a taɓa ta. In ya zama dole a yanke, a sa zarto mai kaifi a yanke fes, kar a farfasa da diga ko a bar katafila ta fizgo ta, don wadda aka yaga tsagewa take har can kusa da gindi ruɓa ta bi ta nan. Kuma a rufe da ƙasa ko jiƙaƙƙen buhu a ranar, zafin Mayu na Gadarif ba ya ba tsirarar saiwa awa biyu.

Wadda ta fi kisa a ƙasar nan a ganina radmiyya ce, ƙasar cikon nan. Kowa ya san dalili, titi kullum tashi yake, maƙwabci ya ɗaga nasa, wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ba sai an ce masa ya ɗaga hoshinsa ba. Sai a kira gallabi, wato tifa, ya juye, a baje santimita 30 ko 50 a duk gidan har gindin bishiya, a yayyafa ruwa a daddaɓe ta yi tauri. Ka ga an yi mata laifi biyu a lokaci ɗaya, an binne jijiyoyin numfashinta can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, an kuma rufe wuyan gindinta, wurin nan da kututture ke buɗewa ya shiga ƙasa, wanda ɓawonsa ba a halicce shi don zama cikin danshi ba sai ya fara ruɓewa a zagaye. Duk bishiyar da ka ga ta fito daga ƙasa santal ba buɗewa a gindi, an binne ta. Maganin da aka saba yi shi ne a gina mata ɗan zobe da jan bulo a bar rami a gindi, to zoben da ake yi yawanci faɗin kwanon wanki ne, wuyan kawai ya ceta. A faɗaɗa shi iya yadda fili ya bari, sannan a yi masa hanyar fitar ruwa, in ba haka ba da kharif ya zama tafki. Wannan ma ya danganta da irin bishiyar, bagaruwa da ke bakin Nilu takan yi watanni ƙafarta cikin ruwa ba abin da ya dame ta, darbejiya kuwa ba ta jure ruwa ya kwanta mata, mangwaro da lemun tsami ma haka.

Sai inuwa, wadda ita ce ke jawo mata bala'i. Akwai wani gida a unguwarmu da na ga aikinsa tun daga farko, mangwaro ne babba a kusurwar hoshi, maigidan ya ja kunnen kowa kar a karya masa ko reshe. Ba a karya ba kuwa. Amma ranar farko leburori suka duba ina ne sanyi, nan ƙarƙashinsa aka jibge buhunan siminti, nan aka share wuri aka mai da shi makwaɓa, nan aka ajiye durom ɗin ruwa, gallabi ya yi baya baya har gindinsa ya juye tsakuwa. Da la'asar in an tashi sai yaro ya wanke shebur da kwanon sarki da baro ya watsa farin ruwan nan a gindi, har yana ganin taimako yake, ai ban ruwa ne. Aka buga ƙusa a jiki aka rataye riguna, aka ɗaure waya aka ja rumfa. Da maigidan ya yi magana usta ya ce masa, "Haba Alhaji, ai ruwa ne kawai, bishiyar da ta girmi ɗanka ruwan siminti zai kashe?" Alhaji ya yi dariya ya bar maganar. Ruwan siminti kuwa kaifinsa na kaiwa 12 zuwa 13 a ma'aunin pH, shi ne yake cinye tafin hannun lebura har ya tsage, to ina ga jijiya mai sirantar gashi. Ƙasarmu da ma mai kanwa kanwa ce, ka ƙara mata wannan sai ganye ya koma rawaya don bishiyar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Da aka gama aiki wurin ya zama daɓe, ka zuba bokiti ruwa ya tsaya yana kallonka. Mangwaron ya yi 'ya'ya sosai a shekarar farko har ana cewa gini ya karɓe shi, alhali bishiya in ta ji wuya takan zubo 'ya'ya da yawa haka.

Kuma nauyin mota ba sai ya yi ta maimaituwa ba, shiga ta farko da ta biyu su ke yin yawancin danƙarewar, musamman in ƙasa na da danshi. Ƙasar da ta danƙare kuma gyaranta wuya, ba za ka sa garma ka kaftu ba tunda saiwar na ciki. Shi ya sa duk maganar kare bishiya ta dawo kan abu guda, shinge. Shinge na gaske da fallayen zinki ko katako, a kafa shi a kan wancan nisan da aka auna da igiya tun kafin motar farko ta shigo, kar a ɗaga shi sai ranar da aka kwashe shara ta ƙarshe. Igiya ko zanen toka a ƙasa ba sa hana kowa. Sannan ka yi wa ma'aikata adalci, ka kafa masu rakuba, wato rumfa, a wani gefe su samu inda za su sha shayi su ci fatur, ka nuna masu inda za a kwaɓa da inda za a zubar da ruwan wanki nesa da bishiya kuma ba ta inda gangara za ta kawo shi ba. Mutumin da ke ɗaukan bulo da rana tsaka a Sinnar in ba ka ba shi inuwa ba zai nemo ta da kansa, shingenka ba zai kwana ba. In kuwa babu hanyar shigo da kaya sai ta kan saiwa, a shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko buntu da kauri a ɗora katakai a kai, baro ya bi ta nan, mota dai ta juye a waje.

Wasu ƙananan abubuwa da ake rainawa: ƙona buhunan siminti da shara a ƙarƙashinta, dafa kwalta ta rufi kusa da ita, zuba baƙin mai ko gas ɗin mota a ramin harsashi wai maganin gara, wanke goran fenti da tina a gindi. Da kuma waya da aka ɗaure aka manta. Abincin da ganye ke haɗawa ta wani siririn layi da ke ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in waya ta nutse ta zagaye kututture ko mota ta saɓule ɓawon ya kai rabin zagaye, an yanke wa saiwa abinci. Dabino da goriba nasu daban ne, saiwarsu siraran ne masu yawa da ke fita daga gindi shi ya sa ake iya ciro babban dabino a dasa wani wuri, amma raunin da aka ji masu a jiki ba ya rufewa har abada, dabino kuma kansa ɗaya ne, in ƙarfen gini ya soki zuciyar nan ta sama shikenan.

Yanzu bari mu juyo ta ɓangaren ginin, don masu cewa a sare ba duka ne marasa tausayi ba, suna da hujja. Daga Jazira zuwa Sinnar da Mai Wurno har Gadarif baƙar laka ce, wadda da rani take tsagewa har ƙafar yaro ta faɗa, da kharif kuma ta kumbura. Wannan ƙasa ko ba bishiya tana tsaga gini. Bishiya mai shan ruwa da yawa in tana gefe ɗaya sai ta tsotse danshin wannan gefen, ƙasar ta motse, kusurwar ɗakin ta zauna, ka ga tsaga ta tashi daga tagar ta nufi sama a karkace. Ba saiwar ce ta ture katangar ba yadda ake cewa, ƙasar ce ta janye daga ƙarƙashinta. Bishiyar turare da damas su ne gaba a wannan, ga shi damas ɗin in ya ji ɗigon ruwa a mahaɗar fayif ko sayfon sai ya cusa jijiya ya cika shi. Miskit kuwa, bishiyar ƙayar nan, ba ma maganar karewa, tun 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi saboda yadda ya mamaye gonaki, mutanen Kasala da Halfa Jadida sun san labarin.

Amma ga inda abin ya rikice. A irin wannan laka, in ka sare babbar bishiya yau ka zuba harsashi gobe, ba ka tsira ba. Shekara da shekaru tana busar da ƙasar wurin, da ta tafi danshi zai dawo a hankali, ƙasar ta kumbura ta ɗago daɓe da katanga daga ƙasa, kuma wannan kumburin kan ɗauki shekaru yana tafiya. Saboda haka ko za ka bar ta ko za ka sare, muhandis ya sani, ya sauke harsashi ƙasa da inda laka ke motsi, ya ɗaga bim ɗin ya bar sarari tsakaninsa da ƙasa. Wanda ke gini a wurin dutse ko yashi irin yawancin Umdurman wannan bai dame shi sosai ba. To wacce bishiya ce ta cancanci wahalar karewa? Ni dai aduwa, tsamiya, magarya, kuka, waɗannan ba a samun kamarsu da kuɗi, tsamiyar da kakanka ya zauna ƙarƙashinta kai ba za ka ga wadda ka shuka ta kai haka ba. Darbejiya, wadda Turawa suka kawo daga Indiya, tana da saurin girma, in ta tsufa ko cikinta ya rube ba asara ba ce babba a sauya ta da sabuwa a inda ya dace. Ƙaramar bishiya ma ta fi tsohuwa jure wahalar gini. Wadda take kan titi kuma ba taka ba ce kai kaɗai, ka tambayi mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ko mutanen gandun daji kafin ka sa mata hannu.

In rassa sun tare inda za a ɗora rufi, a rage su kafin aiki ya fara, da zarto, a fara tsagawa ta ƙasa kafin a yanke ta sama don kar reshen ya faɗi ya saɓule ɓawo, a bar ɗan kumburin nan na gindin reshe don ta nan take rufe raunin. Kar a shafa fenti ko kwalta, danshi kawai suke riƙewa. Kuma don Allah a daina yi mata ƙwal kwabo wai tunda an yanke saiwa sai a rage sama su yi daidai, ganyen ne ke dafa abincin da za ta sake saiwar da shi.

Daɓen hoshi shi ne na ƙarshe, kuma nan uwargida ke shigowa da maganar ƙura da taɓo, tana da gaskiya. Sai dai in an malale gidan duka da kankare har gindi an koma gidan jiya. A bar mata fili buɗe, sauran wurin da ke kan saiwa a jera bulo ko intalok a kan yashi ba siminti a tsakani, ruwa da iska su samu shiga. Ban ruwa kuma tun ana cikin aiki ake yi, ba a gindi ba, can wajen bakin inuwa inda jijiyoyin sha suke, a bar tiyo na zuba a hankali ya ratsa sosai sau ɗaya a mako ko kwana goma da rani, ya fi yayyafin kullum, a rufe da busasshen ganye kaurin yatsu huɗu amma kar ya taɓa kututture. Takin zamani a dakata da shi shekarar farko.

Duk wannan ka faɗa wa mugawil, wato ɗan kwangila, kafin ku yi tsada, a rubuta cikin takardar yarjejeniya inda shinge zai tsaya da inda za a kwaɓa da inda fayif zai bi, don in ka bari sai an fara aiki zai ce maka ƙarin kuɗi ne. Bayan an tare a gida kuma ka riƙa duba ta shekara biyu uku, musamman bayan ruwa mai iska. In ka ga ta fara karkata, ko ƙasa ta ɗago ta tsage a gefen da ba ta karkata ba, ko naman kaza ya fito a gindi, a kwashe gadaje daga ƙarƙashinta a ranar a nemo wanda zai sauke ta.